Bajamushen Keziya da Katangar Makarantar Lahadi

"Mama, me ya sa Bajamushenki ya yi magana a majalisa, ke kuma ba a yarda ki yi ba?"

Doreen, 'yar shekara shida, ta jefo wannan tambaya a ƙofar majami'a a Fadan Kagoma, daidai lokacin da Baba Silvanus, shugaban dattawan ikilisiya, yake gaisawa da uwarta Keziya. Dattijon ya gyara tabarau ya tambaya wane Bajamushe kuma. Keziya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Ita malamar firamare ce, tana ƙaro karatu a Kafanchan. A darasin tarihi aka ba ta aiki a kan wani lauya na ƙasar Jamus da ya rayu a ƙarni na sha tara. Da yake ba ta da mai riƙe mata yarinya, sai ta riƙa karatun da ƙarfi a tsakar gida tana tsaga citta, Doreen na gefe tana shanyawa. A haka yarinyar ta haddace labarin. Mutumin ɗan malamin makaranta ne, ya karanci shari'a, ya riƙa tsaya wa manoma a kotu. Mutanen garinsu suka tura shi majalisa, ya nace a yi shari'a a gaban jama'a, a bar jaridu su faɗi ra'ayinsu. Aka rushe majalisar, aka hana shi aikin lauya shekaru. Da aka sake zaɓensa, kansa ya yi furfura, ya miƙe ya ɗora daga inda ya tsaya.

Abin da ke cin ran Keziya kuwa ba a Jamus yake ba. Ajin makarantar Lahadi yana bakin titi, babu katanga, ga manyan motocin citta suna wucewa a guje. Makon jiya ta fizgo Doreen daga bakin kwalta da hannunta. Kuma yau, bayan sujada, taron shekara zai yanke ko bulon da aka buga zai tafi hasumiyar ƙararrawa ko katanga.

A ikilisiyar, mace ba ta tashi a taro, ba a kuma ƙirga hannunta. Takan gaya wa Mama Rachael, shugabar zumuntar mata, ita kuma ta raɗa wa sakatare, shi ya faɗa idan lokaci ya rage. Bara lokaci bai rage ba. Dickson, mijin Keziya, ya lallashe ta da safe, ya ce ita 'yar Godogodo ce, aure ya kawo ta, ta bar shi ya yi maganar. Ta san shi. A gaban kawunnansa muryarsa ba ta fita.

Ana shirin ɗaga hannu a kan hasumiya Keziya ta miƙe.

"'Yata," in ji Baba Silvanus, "ga Mama Rachael nan, gaya mata."

"Baba, na gaya mata bara. Bana ina roƙo in faɗa da bakina."

Daga layin maza wani ya ce Bajamushe ya iso, dariya ta ɓarke. Keziya ta jira ta lafa. Ba ta kawo tarihi ba. Ta ce ƙararrawa za ta iya jiran baɗi, amma yaran da za ta kira su fa su rayu su ji ta. Ta roƙi a fara da katanga, kuma a ƙirga hannun mata, tunda su ne suka ɗebo ruwan buga bulon.

Dattijon ya ce ba a canza tsarin ikilisiya a yini ɗaya. Sai Mama Rachael ta dafa benci ta miƙe. Mata suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya. Da aka ce masu son katanga su ɗaga hannu, hannun Dickson ne ya fara tashi, kansa a sunkuye, na kawunnansa suka biyo baya. Katanga ta ci. Maganar hannun mata aka ce sai taron baɗi.

A waje Baba Silvanus ya tsayar da Keziya ya tambaya ko lauyan nan ya yi nasara.

"Ba duka ba, Baba. Amma ya dawo."

"To, ke ma na san za ki dawo," ya ce, yana shafa kan Doreen. "Ki zo da wannan, ita ce lauyan."

Kai mai karatu, ka kula da abin da kake karantawa da ƙarfi a gaban ɗanka. Yana ji, kuma wata rana zai tambaye ka a gaban mutane me ya hana ka aikata shi.