Wanda Ya Ciro Dada Daga Ruwa

Ni tela ne a Jimeta, kuma duk wanda ya san ni, Hamman, ya san ba na wasa da aikin mutane. To amma in an ɗauke wuta ya zan yi? Keken surfani ba ya motsi sai da lantarki. Sai in ja benci zuwa ƙofar shagon maƙwabcina Emenike mai sayar da wayoyi, in hau ɗaya keken, wato na cikin waya.

Sunan gem ɗin, wato wasan wayar, Saura Ɗaya. Kai ne direban keke napep, kana ɗibar fasinja daga Damilu zuwa kasuwa, kana kauce wa ramuka da awaki da masu baro. Hotunansa kam sai haƙuri. Akuya kamar kwali mai ƙafafu, tayar keken ma ba ta gama zama da'ira ba. Amma duk layinmu shi muke bugawa, kuma saboda mutum ɗaya ne: Dada.

Dada wata tsohuwar fasinja ce a cikin gem ɗin, kullum da kwandon tumatir a cinya. Muryar mutum ce ta gaske aka ɗauka, da tarinta da tsakinta. Hausarta kuwa irin ta garin nan ce tsantsa, ba ruwanta da "ta". Kowa da komai "ya" ne. "Direba, a hankali, mota ya zo!" "Kaza na ya yi ƙwai jiya, kare ya sha." In ka yi gudu ta yi maka tatas. In ka tafi a hankali kuwa makinka zai zube, amma sai ta gyara zama ta fara ba ka labari, kowane mataki da guntunsa.

Labarin na lokacin budurcinta ne, ranar da ta shiga kwalekwale za ta haye Binuwai, jirgin ya kife a tsakiya. Na bar maki ya lalace, na yi ta rarrafe da keke kamar mai ɗauke da ƙwai, har na kai matakin ƙarshe. Nan Dada ta ce, "Ruwa ya shiga hanci na. Sai wani hannu ya kama gashi na. Ya ja ni, ya ja ni, ya tura ni a kan yashi." Sai ta yi tari. Sai gem ya ce min wai na gama, sannu da ƙoƙari.

Na gama me? Wa ya ja ta? Ina ya tafi? Raina ya ɓaci ƙwarai. Na shiga wurin sharhi na ba shi tauraro biyu cikin biyar, na rubuta cewa wanda ya yi wannan gem ya ɗinka riga ya bar ta babu wuya. Na ga mutanen wasu garuruwa su ma sun yi nasu ƙorafin, amma su Hausar ce ta dame su. Wai gurɓatacciya ce, wai a nemo wanda ya iya. Wannan dai ba ni na faɗa ba.

Ana nan sai wata safiya wayata ta sabunta gem ɗin da kanta. Na buɗe, tabɗi! Kwalta na ƙyalli, akuya ta zama akuya har da gemu. Na ɗauki Dada a Damilu ina murna, na taka mai da gangan don in ji faɗa. Sai wata murya mai santsi irin ta masu karanta labarai ta ce, "Don Allah malam direba, ka rage gudu, ga mota nan ta taho."

Na kusa jefar da wayar.

Na daure na kai ƙarshe, don an ce yanzu akwai ƙarshe. Akwai kuwa. Wai wani kyakkyawan saurayi masunci ne ya faɗa ruwa ya ciro ta, suka kalli juna, aka yi biki, aka buga ganguna.

Ranar ba a yi ciniki sosai a layinmu ba, musu aka yi. Chinwendu, ƙanwar Emenike da ke tsare masa shago, ta ce ita wannan ya yi mata, har ta yi hawaye wurin bikin. Emenike ya ce, "Oga Hamman, kai ba ka da godiya. Ka ce babu ƙarshe, sun ba ka ƙarshe. Dubi akuya fa! Wannan akuya za ka iya yanka shi." Na ce ban zo cin nama ba, ina Dada? Chinwendu ta ce ai ga Dada nan, makaranta kawai ta shiga. Suka yi ta dariya, ni ban ga abin dariya ba.

Abin da ya hana ni sukuni tambayoyi ne. Wace ce mai ainihin muryar? Tana raye? Ita ta ce a cire ta, ko korar ta aka yi? Ina yankan yadi ina tunani, har na kusa yi wa wani alhaji hannu ɗaya gajere. Da Emenike ya gaji da mitata sai ya ce ai ya san mai gem ɗin. Wani yaro ne Apollos, yana zuwa sayen tsofaffin wayoyi don gwaji, a Damilu yake. Ya ce wani kamfani na can nesa ne zai ɗauki gem ɗin ya yaɗa shi ko'ina, sharaɗinsu Hausa mai tsabta, kuma Apollos ya ce tsohuwar muryar ta tafi ke nan. Na ce ba ta tafi ba sai na ji daga bakinsa.

Ranar Lahadi da yamma na shiga keke na gaske na nufi Damilu. Wata mata ce ta buɗe min ƙofa, da zanen zumuntar mata na coci a jikinta. Ta ce ita ce Hilda, mahaifiyar Apollos, ta nuna min baranda, ta koma kicin wurin girkinta.

Na yi zaton zan ga wani babban mutum. Ashe siririn saurayi ne da kwamfuta a cinya, silifas ɗinsa ma ba iri ɗaya ba. Da na faɗi sunana sai ya ɗago.

"Tela Hamman? Kai ne mai riga babu wuya?"

"Ni ne."

"Tauraro biyu ka ba ni, Baba. Na kwana biyu ban ci abinci da daɗi ba."

Na ce ya yi haƙuri, amma yanzu ko ɗaya ma ba zan ba shi ba. Ya yi dariya, ya jawo min kujera, ya yi min bayani ba tare da fushi ba. Muryar ta kakarsa ce, mahaifiyar mamansa. Ya ajiye mata waya tana ɗaukar murya ta yi ta hira, da ta zo wurin yashin nan sai ta ce ta gaji, kuma duk lokacin da ya sake tambaya sai ta ce gobe. Mutane suka dame shi da ƙarshe, kamfani ya dame shi da Hausa. Sai ya ba wani abokinsa da ya karanci Hausa ya gyara zancen, aka samo mai murya, shi kuma ya ƙarasa labarin da kansa.

"Ba ƙarya na ƙirƙira ba," in ji shi. "Kakana masunci ne a wajen Numan, kowa ya sani. Ita kuma ta ce ya kama, ya ja, ya tura. Wa zai zama in ba shi ba?"

Na gyaɗa kai, don ni ma namiji na ɗauka tun farko. Abin da ya kawo ni muryar ce. Na ce ya dawo mana da ita ko da a gefe ne, wanda ke so ya zaɓa. Ya ce kamfanin ba za su yarda ba, sun ce za a yi musu dariya.

Sai na ji an ce daga bayana, "Apollos, baƙo ya sha ruwa?"

Wallahi muryar Dada ce sak. Na juya, ga wata 'yar ƙaramar tsohuwa tana dogara bango, babu kwandon tumatir, babu komai. Ban san lokacin da na sauka daga kujera na durƙusa ba. Na ce, "Dada, ina wuni?" Ta ce lafiya, ta dube ni da kyau ta ce ita ba ta gane ni ba, ɗan waye? Na ce ni direbanta ne, na kai ta kasuwa ya fi a ƙirga. Apollos ya yi mata bayani, ta yi dariya har da tari, irin tarin nan dai.

Ni bakina ba ya da birki. Na tambaye ta ko ta ji sabuwar muryarta. Apollos ya yi min ido, amma na riga na ciro waya. Ta zauna a tabarma, na kai mata kusa da kunne.

"Wannan waye?"

"Ke ce, Kaka," in ji Apollos.

"Ni? Yaushe na je Kano?" Ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce wannan yarinya ya iya magana, a gaishe shi. Haka ta yi ta jin daɗinta har aka zo wurin kifewar jirgi. Da muryar ta ce wani kyakkyawan saurayi ya faɗo ruwa, sai dariyar ta tsaya. Ta saurari gangunan bikin har suka ƙare, sannan ta ture wayar a hankali.

"Wane saurayi?"

Apollos ya ce ai Kaka namiji yake nufi, mijinta.

"Kakan ka a coci na san shi, na riga na girma. Wa ya ce maka shi ne?"

"Ke kika ce ya kama gashinki."

"E, ya kama. Mace ne."

Ni da Apollos muka kalli juna. Mu da muke jin "kaza ya yi ƙwai" kullum muna dariya, mu da aka haifa a cikin wannan Hausar, ba wanda ya taɓa kawo wannan a ransa. Kunya ta kama ni sosai, ga kuma son jin sauran yana cina. Na ce, "Dada, wace ce?"

Ba ni ta kalla ba, tabarma ta kalla. "Mai tallan nono ne. Ya zauna kusa da ni a jirgi, da goyo a baya. Ya ga ina jin yunwa, ya ba ni fura. Na tambaye sunan shi, ya ce Aminatu. Shi ke nan sanin da na yi mishi." Ta goge baki da gefen zane. "Lokacin da yana ja na, zane ya kwance, goyo ya fita, ruwa ya tafi da shi. Bai sake ni ba sai da ya kai ni yashi. Ya ce min da Fillanci in zauna, yana zuwa. Ya koma ruwa. Na zauna."

Ba wanda ya tambaye ta ko Aminatu ta dawo. Ni da na ɗauko ƙafa tun daga shagona don in ji ƙarshe, sai na ji da ma ban matsa ba. Idona ya cika, kuma ban ɓoye ba.

Apollos ya kalli kwamfutarsa. Can ya ce, "Kaka, me ya sa ba ki taɓa faɗa min mace ce ba?"

"Ka tambaye ni? Kai ka ce min gama labari, gama labari. Yanzu ka ɗauke shi, ka sa namiji, ka buga ganga. Ko kabari ba shi da shi, Apollos."

Ya rufe kwamfutar. Ya ce min, murya ƙasa-ƙasa, kamfanin za su janye, ya sani. Na ce ni ma na sani. Ya ciro wayarsa ya buɗe wurin ɗaukar murya, ya durƙusa ya ɗora mata a cinya. Ya ce in ta yarda ta faɗa yadda ta ga dama, ba wanda zai gyara mata ko harafi ɗaya, kuma da muryarta gem ɗin zai koma.

Ta ɗora tafin hannu a kan wayar ta rufe ta.

"Tsaya tukuna. Akwai wanda zai ji kafin waya. Shi ma ban taɓa gaya mishi ba."

Ta ɗaga kai wajen kicin, ta ɗaga murya yadda take yi wa direba in ya yi gudu.

"Aminatu!"

Aka ajiye ludayi a kan tukunya. Hilda ta leƙo tana goge hannu da zanen cocinta. Ashe sunan ta raɗa wa 'yarta.

"Na'am, Mama."