Motar da Ke Tayar da Sauran

Yaya ya sake harbin tayar gaba da ƙafa, karo na uku, ya karkata kai kamar yana jiran tayar ta ba shi amsa.

"Kin ji?" ya ce. "Ƙarar taya mai lafiya ke nan."

Auta ba ta ji komai ba sai ƙarar takalmi a jikin roba, amma ta gyaɗa kai. Shekara ashirin da takwas tana gyaɗa wa yayanta kai, wuyanta ya saba. Shi ya zaɓa mata makaranta bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya zaɓa mata karatun jinya, har launin labulen ɗakinta sai da ya sa baki. Yau kuma ya ɗauki hutu daga ofis, hutun da ya ambata sau huɗu a hanya, don ya zaɓa mata mota da kuɗinta.

Bukatarta ba ta da yawa. An mayar da ita wani ƙaramin asibiti a bayan gari, tafiyar awa guda, rabin hanyar kwalta ce, rabin kuma tarihin kwalta. Ranar Litinin za ta fara, ƙarfe bakwai na safe. Shugabar ma'aikatan jinya ta can ta riga ta faɗa mata a waya cewa wadda Auta za ta gada latti ne ya kore ta, kuma ita ba ta karɓar uzurin mota, domin mai naƙuda ba ta jiran bakanike. Abin da Auta ta tara a shekara huɗu mota ɗaya zai saya, sau ɗaya. Ƙaramar jif take so, mai ɗan tsayi, wadda ba za ta bar cikinta a rami ba, wadda kuma in an murɗa makulli da sassafe za ta tashi. Shi ke nan.

Yaya kuwa wata farar jif mai ƙyalli yake so.

"Wannan ai ba sai na yi magana ba," in ji dillalin, ya kuma ci gaba da magana. Gajere ne mai tumbi, da tarin makullai a hannu. Duk layin masu sayar da motoci Ba-Matsala suke kiransa, kuma minti biyar da zuwansu Auta ta gane dalili. "Mace ce ta yi amfani da ita a ƙasar waje, likita. Gida zuwa asibiti, asibiti zuwa gida. Ko ruwan sama ba ta bari ya taɓa ta."

Mota ta uku ke nan da ya nuna musu, kuma dukkansu likitoci mata ne suka yi amfani da su. Auta ta ji tausayin ƙasar da likitocinta mata suka koma tafiya a ƙasa.

"Yaya," ta ce a hankali, "da mun zo da bakanike…"

"Bakanike? Ina tsaye?"

Motoci biyar Yaya ya yi a shekara shida. A lissafinsa wannan ƙwarewa ce.

Ba-Matsala ya shiga laluben makullin farar jif ɗin a cikin tarin. Auta, da ba ta san inda za ta ajiye hannunta ba, ta ɗora bayansa a kan murfin injin, yadda take ɗora shi a goshin yara sau talatin a yini. Da zafi. Ta ɗaga kai. Rumfar kwano ce a samansu, kuma ƙarfe tara ba ta daɗe da yi ba. Ta matsa ta taɓa jar da ke kusa. Da zafi. Ta taɓa baƙar. Duk layin zazzaɓi suke yi.

Farar ta tashi bugu ɗaya. Yaya ya shige ciki ya baje a kujerar fata, ya danna wani maɓalli, rufin ya zuge, ya kalli kwanon rumfa ta ciki da sha'awa kamar bai taɓa ganin kwano ba.

"Me ya sa take da zafi?" Auta ta tambaya.

Babu wanda ya ji. Ta sake faɗa, ta ɗan ƙara murya.

"Rana ce, Sista," in ji Ba-Matsala.

Ta kalli rumfar.

"Ƙarfe ne ai. Yana jawo zafi daga nesa. Ba matsala."

"Ɗumama inji ake yi da safe, ƙa'ida ce," Yaya ya faɗa ta taga. Ya juya ga dillalin. "Ka yi haƙuri da ita. Ma'aikaciyar asibiti ce, ko firij ta gani sai ta taɓa masa goshi. Auta, ke dai ki duba launi."

Suka yi dariya tare, dariyar maza biyu da suka fahimci inji. Auta ta yi murmushi don kada dariyar ta rasa wurin sauka. Amma ta san masu zuwa neman takardar shaidar lafiya, waɗanda ke haɗiye ƙwayoyi a bakin ƙofa kafin a auna su. Su ma lafiya lau suke tashi bugu ɗaya.

Ta sunkuyar da kai. Mai kunya ya fi kowa sanin ƙasa, don ita yake kallo rabin rayuwarsa. An yayyafa wa filin ruwa da safe, yashin bai gama bushewa ba, kuma a kansa akwai sawun tayoyin mota ɗaya. Sawun ya zo har hancin farar ya tsaya. Ya ja baya, ya karkata, ya je hancin jar ya tsaya. Ya sake ja baya, ya je wa baƙar. Gado bayan gado, kamar zagayen likita da safe.

Ta bi sawun. Ya zagaya da ita bayan ɗan ofishin dillalin, kusa da duron ruwa. Nan ta same ta: ƙaramar jif ruwan toka, ba a wanke ta ba, ƙofar baya a lotse, madubin hagu baƙi, na dama launin motar. Babu farashi a gilashinta. A kujerar direba an ɗora matashi wanda zama ya baje shi. A kujerar baya akwai takalmin makaranta ƙafa ɗaya, da wayoyin jona batir, ja da baƙi, masu bakin kada.

Da ta dawo, ta lura da baƙin tabo irin na mai taɓa batir a bakin hannun rigar Ba-Matsala.

"Waccan fa?" ta ce. "Ta bayan ofis."

Wannan karon bai ce ba matsala ba. "Waccan ba ta sayarwa ba ce. Wato ta sayarwa ce, amma ba ajinki ba ce, Sista."

"Ita ma likita ce ta yi amfani da ita?"

"Wani malamin makaranta ne. Ya yi ritaya, ya kawo a sayar masa."

"Tun yaushe?"

"Wata takwas. Ba wanda ya taɓa tambayarta."

"Wa ke tayar da ita da safe?"

"Kamar yaya?"

"Na ga ita ke zagayawa tana tayar da sauran." Ta nuna sawun tayoyin a ƙasa. "Ita wa ke tayar da ita?"

Yaya ya rage ƙarar rediyon farar. Ba-Matsala ya sauya wa makullansa hannu.

"Ita da kanta take tashi," ya ce, cikin muryar mai tona asirin ɗan'uwansa.

Yaya ya fito daga motar yana gyara riga. "Batir ne kawai, Auta. Mota in ta daɗe a ajiye batir yana sauka, yaro ma ya san wannan. A sa sabo, shi ke nan."

"Wataƙila batir ne, Yaya. Wataƙila abin da ke yi masa caji ne. Ni ban sani ba. A kashe ta, kada a jona mata komai, mu dawo da yamma mu gani."

"Da yamma akwai wani bawan Allah da zai zo ɗaukarta," Ba-Matsala ya yi saurin cewa. "Tun jiya yake roƙona. Don mutuncin Yallaɓai ne na riƙe."

"To Allah ya sanya masa alheri," in ji Auta.

Yaya ya ja ta gefe, bayan wata motar da ita ma likita ta taɓa mallaka. "So kike ki kunyata ni a gaban mutumin nan? Kin ga waccan abar da kyau? Kamar motar kai kaji kasuwa. In kika ajiye ta a ƙofar gida me mutane za su ce?"

"Ƙarfe shida zan riƙa fita, Yaya. Ba su tashi ba balle su ce."

Ya kalle ta kamar kujerar falo ce ta yi magana.

"To ki ji da kyau. In kika sayi waccan, babu ruwana. Ranar da ta tsaya miki a daji kada ki kira ni."

Auta ta jira tsoro ya zo, don ta san lokacin zuwansa. Abin da ya zo sai ya yi kama da cire takalmi bayan aikin kwana da yini.

"To," ta ce.

Daga nan ciniki ya juye ta hanyar da ba ta taɓa gani ba. Ba-Matsala ya tsaya a gaban jif ɗin ruwan toka yana kushe kayansa da iyakar ƙarfinsa. Sanyinta sai an yi nisa yake kamawa. Rediyonta tasha ɗaya ta sani, ita ma ta labarai. Gilashin baya sai an taimaka masa da hannu. In aka hau rami bayanta yana kuka. A minti biyar ta samu cikakken tarihin lafiyar motar, wanda ko rantsar da shi ta yi a kan farar ba za ta samu ba.

"Inji fa?"

Ya shiga juya makullansa.

"Giya?"

Ya kalli duron ruwa.

"Gaskiya, Sista, ba zan so in cuce ki ba. Ki bari in nemo miki wata."

"Ko za ka ba ni lambar malamin in gaishe shi?" ta ce, idonta a kan takalmin da ke kujerar baya. "Zai ji daɗi ya ji motarsa ba ta daina kai yara makaranta ba."

Ba-Matsala ya ajiye tarin makullansa a kan murfin motar. Sannan ya zaro makulli ɗaya, ba daga tarin ba, daga aljihun wandonsa.

Ita ta tuƙa zuwa garejin wani tsohon bakanike da abokiyar aikinta ta kwatanta mata, layi biyu daga wurin. Yaya, wanda babu ruwansa, ya zauna a gefenta ya harɗe hannu, duk ramin da suka shiga sai ya ja tsaki a madadin motar. Tsohon bai tambayi wa ya yi amfani da ita ba. Ya zare sandar baƙin mai ya murza tsakanin yatsu, ya ɗora bakin sukudireba a jikin injin ya manna kunnensa a ƙotar, ya kwanta a ƙarƙashinta har Auta ta fara tunanin barci ya ɗauke shi. Ya fito ya zagaya da ita unguwa, ya dawo.

"Shokazoba biyu na baya sun gaji," ya ce yana goge hannu. "Birki ki canza kafin wata biyu. Injin kuwa, 'yata, sai dai ke ki gaji da shi."

"Fentin fa?" in ji Yaya.

"Ni ba na gyaran fenti."

A hanyar komawa wayar Yaya ta yi ƙara. Mahaifiyarsu ce.

"Eh, Mama, mun samu. Wata mai ƙarfi, irin ta aiki. Sun so su liƙa mana wata fara mai ƙyalli, to kin san ni da mota." Ya saurara. "Ai dole in tsaya a kai, yarinya ce, ba ta san komai ba."

Auta ta kunna sigina ta sha kwana. Siginar tana aiki.

La'asar ta yi kafin a gama da takardu. An kira malamin, ya yi ta godiya a waya har sai da Ba-Matsala ya ce cajinsa zai ƙare. Sannan dillalin ya kwashe kayansa daga motar ɗaya bayan ɗaya: matashin, takalmin, wata hular rana daga ƙarƙashin kujera. Wayoyin jona batir ya ɗauka a ƙarshe. Ya rataya su a wuya ya tsaya yana kallon layin motocinsa masu sheƙi, sun yi sanyi a ƙarƙashin rumfa. Bawan Allahn da ke roƙo tun jiya bai zo ba.

Auta ta murɗa makulli. Motar ta tashi ba tare da ta nemi a yaba mata ba. Tana shirin sa giya sai ga Ba-Matsala ya sunkuyo ta taga, ya rage murya.

"Sista, hanyar asibitin nan naki, ta nan take bi ko?"

"Ta nan."

"To da safe, in ba damuwa. Minti goma kacal, kafin in samu wata. Ki ɗan tsaya ki taɓa su. Uku ne masu taurin kan." Ya waiga ya ƙirga da ido. "Huɗu."

Yaya ya gyara murya zai amsa mata. Ta riga shi.

"Ba na duba marasa lafiya a hanya," ta ce. "Ka kawo su asibiti su yanki kati."

Ta sa giya, ta bi ta gaban farar a hankali don kada ta tayar mata da ƙura, ta hau titi.