Muryar Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Bintu ta karanta tarihi a jami'a, kuma burinta shi ne ta ci gaba da bincike a kan tsoffin hanyoyin fatake na gaɓar Tafkin Chadi. Malaminta ya karanta takardar da ta tsara, ya yaba, sannan ya ture ta gefe.

"Ba mai ɗaukar nauyin binciken raƙuma yanzu, Bintu. Masu ba da tallafi abu ɗaya suke son ji daga Borno: me ke kai yara daji, me ke dawo da su. In kina son ci gaba, ta wannan ƙofar za ki shiga."

Haka ta sami kanta a wata ƙaramar cibiyar bincike a shekarar 2019. Ita ba ta fita. Wani abokin aikinta, Nuraddeen, shi ke zuwa sansanin da ake ajiye waɗanda suka miƙa wuya, ya yi hira da su da Kanuri ko Hausa, ya kawo muryoyin. Ita kuma ta zauna a ɗakin baya, ta sa abin sauraro a kunne, ta rubuta, ta juya zuwa Turanci. Ba a sa suna, sai lamba. Shugabar cibiyar, Dakta Susanna, 'yar Biu ce mai ƙarancin magana. Ranar farko ta sa Bintu ta rattaba hannu cewa duk abin da ta ji a ɗakin nan, a nan zai tsaya. Ta kuma gaya mata cewa in aikin ya yi kyau, akwai gurbin digiri na biyu a ƙasar waje.

Wata takwas tana wannan aiki. Tana cin abincin rana ita kaɗai a gaban kwamfuta. In ta koma gidansu a Yerwa, ƙanwarta Jannat ta tambaye ta yaya aiki, sai ta ce lafiya. Ƙawayenta na makaranta, wasu sun yi aure, wasu sun koma Abuja. Mutanen da ta fi jin muryarsu a duniya, ba ta taɓa ganin fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba.

Wata Talata da hantsi ta buɗe hira ta arba'in da bakwai. Mutumin ya yi gyaran murya sau biyu, ya fara magana, ya maƙale a kan harafin farko na kalmar kafin ta fito. Bintu ta tsayar. Ta mayar baya, ta sake saurara. In'inar nan ta san ta tun tana yarinya.

Ajimi ne, ɗan maƙwabciyarsu Ya Hajara mai haɗa turaren wuta. Ɗinkin hula yake yi a ƙofar gida kafin ya ɓace shekara shida da suka wuce. Wasu sun ce an kashe shi, wasu sun ce sun gan shi da bindiga. Ya Hajara ta ƙi yarda a yi masa sadakar mamaci. Ta ce ba ta ga gawa ba.

Bintu ta saurari hirar har ƙarshe, hannunta bai taɓa kwamfutar ba. Ya faɗi abubuwan da ya aikata, wasu a ƙauyukan da ta sani. Can wajen ƙarshe Nuraddeen ya tambaye shi ko yana so a nemo masa danginsa.

"A'a. Ka-kada a gaya wa mahaifiyata. Gara ta ɗauka na mutu. Wanda ta haifa ba shi ne wannan ba."

Ta tashi ta ƙwanƙwasa ofishin Dakta Susanna.

"Dakta, na san mai lamba arba'in da bakwai. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da na uwarsa."

Dakta ta cire tabarau, ta ce ta rufe ƙofa.

"Kin gaya wa wani?"

"A'a. Amma shekara shida tana jiransa. Kullum sai na wuce ta."

"Na sani ba sauƙi. Amma mun yi masa alkawari kafin ya buɗe baki, kuma kin ji abin da ya roƙa. Sannan ki tuna da unguwarku. Gida nawa ne suka rasa mutum? In labari ya fita, ita ma tsohuwar ba ta tsira ba." Ta mayar da tabarau. "In kina so, sai in ba wani ya rubuta wannan."

Bintu ta ce za ta rubuta da kanta. Kwana uku ta yi a kan hirar da ba ta wuce aikin yini ɗaya ba.

Abin da ya fi mata wuya shi ne safiya. Ya Hajara kan zauna a zaure, ta yafa tsohuwar laffayarta, tana tsince itacen turare a faifai.

"Wushe, Bintu. An fita?"

"An fita, Ya Hajara."

"Ke da kike aiki da masu bincike, in kin ji wani abu dai…"

Wannan magana ta saba yi mata tun da ta fara aikin. A da Bintu kan ce in sha Allahu da zuciya ɗaya. Yanzu sai ta fara bin ta bayan layi don ta hau Keke Napep, ko da yake hanyar ta fi nisa. Jannat ta lura, ta tambaye ta ko sun saɓa da tsohuwar ne. Bintu ta ce rana ce ta fi sauƙi ta can.

Bayan mako biyu ta tare Nuraddeen a bakin ƙofar cibiya.

"In ka koma, ka gaya masa uwarsa tana nan da rai, kuma ba ta yi masa sadaka ba. Kada ka ce daga wa. Shi ke nan."

"Dakta ta sani?"

"Ta ce shi ana iya kai masa labari. Uwar ce ba a kai wa."

Sai da aka yi wata guda kafin a sake ba Nuraddeen izinin shiga sansanin. Da ya dawo ya same ta a ɗakin baya, ya tsaya a tsaye.

"Na gaya masa. Ya daɗe yana kuka. Sannan ya ce a'a."

"A'a kawai?"

"Ya ce ba yanzu ba."

Rahoton cibiyar ya fita, aka yabe shi, sunan Bintu yana ciki. Takardar gurbin karatu ta zo a shekarar da ta biyo. Ranar da za ta tafi, ba yadda za ta yi, ta shiga yi wa Ya Hajara sallama. Tsohuwar ta ɗaure mata kwalba biyu na turare a leda, ta riƙe hannunta.

"Kin daina biyowa ta nan. Na ce ko maganata ce ta ishe ki. Ki yafe mini, 'yata. Uwa ce, ba ta gajiya da tambaya."

Bintu ta buɗe baki. Saura kaɗan ta gaya mata gaskiya. Sai ta ce, "Ba ki yi mini komai ba, Ya Hajara. Ki sa ni a addu'a."

Garin da ta je mai sanyi ne, kuma kowa na son jin ta. Ana gayyatarta taro, a gabatar da ita a matsayin wadda ta fito daga inda abin ke faruwa. Ta gama digiri na biyu, aka ba ta tallafin na uku. Ɗakinta ɗaya ne a hawa na huɗu, ba ta san sunan maƙwabtanta ba.

A shekararta ta uku a can, wata ranar Asabar da azahar, Jannat ta kira.

"Yaya, kin san wa ya dawo? Ajimi! Ashe yana raye. Da ƙafarsa ya zo."

Bintu ta zauna a bakin gado. "Ya Hajara fa?"

"Suma ta yi. Da ta farfaɗo ta riƙe rigarsa ta ƙi saki. Amma unguwa ba daɗi. Ba mai amsa masa sallama, har turarenta an daina saye. Shekaranjiya suka kwashe kaya suka koma Khaddamari wajen ƙaninta." Jannat ta ɗan dakata. "Ba ki ce komai ba. Ba ki yi mamaki ba ne?"

"Na yi mamaki."

"Ya Hajara ta ce a gaishe ki. Wai ke kaɗai ce ba ki taɓa ce mata ta haƙura ya mutu ba."

Bintu ta tambaya ko akwai lambar da za a same su. Jannat ta ce tsohuwar ba ta da waya, amma za ta tambayi masu zuwa kasuwar can. Suka yi sallama. Bintu ta daɗe zaune da wayar a hannu, tana bin sunayen da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Nuraddeen ya canza lamba tun da ya koma wata ƙungiya. Ta kira Dakta Susanna, wayar ta yi ta ringin ba a ɗauka ba. Ta tashi ta yi alwala.