Ƙauri a Shagon Guga

Maman Ɗigo ta ji dutsen guga ya fara hucewa a hannunta, sai ta buɗe murfin ta leƙa. Toka ta lulluɓe garwashin. Mijinta, mai shagon, ya fita a keke kai wa mutane kayansu, ya bar mata farar rigar Hedimasta, ya ce lallai a goge ta kafin ya dawo, don gobe mutumin zai tsaya da ita gaban iyayen yara.

Dutsen irin na gawayi ne, mai nauyin tsiya. Baban Ɗigo ba ya yarda da na lantarki, wai shi shafa riga yake yi, ba guga ba. Idan kuwa wutar ciki ta yi barci, ba da baki ake hura ta ba. Rufe shi ake yi, a fita bakin ƙofa, a yi ta kaɗa shi gaba da baya har iska ta shiga ta hujojin gefe, garwashin ya farka. Bakin ƙofa fa, ba kusa da teburi ba. Wannan ya faɗa mata ya fi a ƙirga.

To amma yau Ɗigo ce zaune daram a bakin ƙofar, ta baje murafen kwalba tana jerawa. Uwar ta duba, ta ga in ta kaɗa a can toka za ta zuba wa yarinya a ka. Sai ta ce a ranta sau ɗaya dai ba komai, ta kaɗa a inda take tsaye.

Ita Ɗigo ta kusa shekara uku, amma ba ta taɓa furta ko kalma ɗaya ba. Tana ji sarai, in an kira ta takan waiwayo. Likita ya duba kunne ya duba harshe, ya ce lafiya lau, a jira. Sun jira har yaran da aka haifa a bayanta suka fara kai ƙarar juna. Kakarta ta wajen uba ta ce ai a danginsu an yi wani kawu da ya tsufa bai ce uffan ba, a yi haƙuri da abin da Allah ya bayar. Telan da ke jikin shagonsu kuwa Hajiya Shiru yake kiranta. Uwar takan yi dariya tare da shi, sannan ta shiga bayan labule ta share ido.

Ta ajiye dutsen, ta juya baya tana cika gorar yayyafi da ruwa. Sai ta ji wata murya ƙarama, mai ɗan kauri, wadda ba ta sani ba.

"Mama."

Ta ɗauka ɗan wani ne a kan titi.

"Mama, wuta."

Ta waiwayo. Ɗigo ce tsaye, ta miƙa yatsa tana nuna teburi. Wani ɗan garwashi da bai wuce ƙwayar shinkafa ba ya faɗa kan aljihun rigar Hedimasta, baƙin zobe yana faɗaɗa a hankali, hayaƙi siriri yana tashi.

Ruwa na hannunta. Matsa ɗaya ya isa. Amma sai ta durƙusa gaban yarinyar.

"Me kika ce, uwata? Sake faɗi in ji."

Ɗigo ba ta kalle ta ba, hayaƙin take kallo. "Wuta," ta ce, kamar mai mamakin babba da ba ya gani.

Uwar ta sake roƙonta, Ɗigo ta sake faɗi. Wallahi da rigar ta fi haka girma da sun wuni a nan. Sai da harshen wuta ya tashi sosai, tela ya ɗaga murya ta bayan bango yana tambayar wa ke ƙona tsumma, sannan ta zabura ta juye gorar gaba ɗaya.

Ko kallon ɓarnar ba ta yi ba. Ta saɓi Ɗigo ta yi waje babu takalmi. Ta gaya wa tela, ta gaya wa mai kanti, ta gaya wa wata mata da ta tsaya tambayar hanya. Ta kira mahaifiyarta a waya, ta kira yayarta, ta kira surukarta, wadda ta ce Allah ya sa gaskiya ne. Mutane suka taru suna ta cewa Ɗigo ta ce kaza, ta ce kaza. Ɗigo ta cusa fuska a wuyan uwarta, ta yi gum. Tela ya yi ta mata wasa, ya ce in ta gaishe shi zai ɗinka mata riga mai fure, bai samu ko tari ba. Daga ƙarshe ya ce, da murya mai taushi, kunnen uwa wani lokaci yakan ji abin da ya daɗe yana jira. Kowa ya koma bakin aikinsa.

Baban Ɗigo yana jingine keke ta tare shi da labari, tana haɗa farko da ƙarshe. Shi kuwa hancinsa ya riga kunnensa. Ya wuce ta ya ɗaga rigar. Hujin ya isa ya hango fuskar matarsa ta ciki.

"A ina kika kaɗa dutsen?"

Ta nuna masa.

"Kin ga tana ci?"

"Na gani."

"Ruwa fa?"

"Yana hannuna, Baban Ɗigo. Magana take yi. Da na kashe da ta daina."

Ya ninke rigar ya ajiye gefe, ya ce Hedimasta shi zai je ya same shi da kansa. Sannan ya tsuguna gaban ƴarsa, ya ce ta ce Baba. Ta kalle shi ta ci gaba da jera murafenta. Ya buɗe dutsen ya nuna mata jan garwashi, ko a jikinta. Ya ƙyasta ashana, ta bi ta da ido har ta mutu.

Matar ta ce ba haka ba ne. Ai wutar cikin dutse tun tana goye take ganinta, ta san nan ne gidanta. Ɗazu a kan riga ta gan ta, inda ba wurinta ba. Ya jawo tsumman da suke goge gindin dutse da shi zai ɗora masa garwashi, ta ce wannan kullum a ƙone yake, yarinya ba wawiya ba ce.

Ya miƙe ya dubi shagon. Duk abin da ke rataye na mutane ne. Sai ya fara ɓalle maɓallan rigar jikinsa, shuɗiyar nan da yake sawa in zai kai kaya don a ga gugarsa a jikinsa. Ya shimfiɗa ta a teburi, ya gyara wuyan kamar mai shirin guga. Ya sa cokali ya ɗauko garwashi ɗaya, ya ɗora a tsakiyar bayanta.

Ƙauri ya tashi. Ɗigo ta ɗago kai, ta dubi rigar, ta dubi ubanta tsaye da singileti da cokali a hannu. Ta ɓata fuska.

"Baba, bari."

Maman Ɗigo ta riga ta cika gorar, ta matso za ta yayyafa. Ya tare hannunta, idonsa a kan bakin yarinyar.

"Dakata tukuna," ya ce.