Ƙafar Baba da Jarin Auta

Likitan bai ɓoye mana komai ba. Ya ɗaga hoton ƙafar Baba saitin fitila, ya nuna mana inda jijiyar jini ta toshe ƙasan gwiwa, ya ce hanya biyu ce. Ko a kai shi asibitin kuɗi a buɗe jijiyar cikin kwana goma ƙafa ta tsira, ko kuma a yanke ta a nan asibitin gwamnati, wannan kusan kyauta ne. Da ya faɗi kuɗin aikin farkon sai da na dafa bango.

Baba kuwa ko gezau. Cewa ya yi, "Likita, a ina za ku yanke, sama da gwiwa ko ƙasa?"

"Haba Baba! Wace irin tambaya ce wannan?" na ce. "Kana da kuɗin fa. Ni na san kana da su."

Ya ce in miƙo masa hularsa.

Bari in faɗa muku waye Baba, don kada ku ɗauka marowaci ne. Shekara talatin da uku yana aikin karanta mitar ruwa. Gida-gida, layi-layi, da ɗan littafinsa da fensir a bayan kunne, yana durƙusawa yana share laka a fuskar mita da babban yatsa. Karnuka sun cije shi sau huɗu. Bai taɓa mallakar ko keke ba. Amma duk ƙarshen wata, kafin a sayi ko gishiri, sai ya ware kashi ɗaya cikin goma na albashinsa ya kai wa dillali ya saya masa hannun jari. Kuma ba kowane kamfani ba. Siminti, sabulu, fulawa, da wani kamfanin magani. Yakan ce shi ba ya sa kuɗinsa a abin da ba zai iya ɗauka da hannu ya gani ba. Idan aka raba ribar shekara, ba ya cin ko sisi, sai ya ƙara sayen wasu. Abokansa sun shiga harkokin da ake ninka kuɗi cikin wata uku, suna masa dariya, wai tsoho mai tafiyar kunkuru. Ya halarci zaman kukan da yawa daga cikinsu.

Duk wannan saboda Auta ne, ƙanena. Zazzaɓi ya taɓa masa ƙwaƙwalwa yana shekara uku. Yanzu shekararsa talatin da shida, ga gemu har da furfura ɗaya-ɗaya, amma hankalinsa na nan inda zazzaɓin ya bar shi. Ga farfaɗiya. Tun da Mama ta rasu, Baba ke masa wanka, shi ke masa aski, shi ke ɓare masa ƙwayar magani safe da yamma.

Ban da hannun jarin, Baba yana da wani asusu na haɗaka, irin wanda ba ya tashi sosai, ba ya kuma faɗuwa sosai, ana iya cire kuɗi cikin kwana biyu. Shi yake kira kuɗin asibiti. To wannan asusun ni na cinye shi. Gara in faɗa da bakina. Shekara biyu da suka wuce ni da maigidana muka so faɗaɗa gidan burodinmu, muna buƙatar babbar tanda da injin kwaɓa fulawa. Wata uku cur ina zarya gidan Baba, yau kuka, gobe fushi, jibi in tura masa jikoki. Na ce masa kuɗi na kwance suna barci alhali 'yarsa na wahala. Ranar da ya sa hannu bai yi min faɗa ba, ya dai ce, "Uwata, Allah ya sa kada mu neme su." Haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa aka sa min.

Washegarin ganin likita na tafi ofishin dillalin. Hawa na uku, na'urar sanyi ta mutu, takardu jibge har kan kujerar baƙi. Mutumin ya san Baba tun yana sabon ɗauka a wurin. Ya juyo min da fuskar kwamfutarsa, duk ja. Ya ce kasuwa ta faɗi wata biyu ke nan, kowa na gudu yana sayarwa, farashin kayan Baba ya sauka fiye da kashi ɗaya cikin uku.

"Kamfanonin lafiyarsu ƙalau," in ji shi. "Mutane ba su daina wanka ba, ba su daina gini ba. Shekara ɗaya ko biyu za su dawo. Amma in yau za a haɗa kuɗin aikin nan, sai an sayar da kusan rabi."

"A sayar."

"Hajiya, ba ni ke da ikon ba, ba ke ba. Sai ya sa hannu."

Ya ba ni takardar izinin sayarwa, na sa a jaka, na nufi asibiti ina huci.

Na tarar da Baba zaune a kan gado, ƙafar a miƙe kan matashi. Yatsun sun fara baƙi, kuma akwai wari, duk da turaren da nas ta fesa. Auta na tsugune a ƙasa yana jera takalman masu jinya da na 'yan dubiya, ƙanana gaba, manya baya, yana ɗan gurnaninsa na jin daɗi. Na ajiye takardar a cinyar Baba da biro.

Ya karanta ta tas, har ƙananan rubutun ƙasa. Sannan ya juya bayanta ya fara lissafi da birona. Ya rubuta ribar da ake raba masa a shekara. A ƙarƙashi ya jera kuɗin hayar ɗaki biyu, abinci, maganin farfaɗiya, da albashin mutum guda da zai zauna da Auta dare da rana. Ya ja layi. Ɗan abin da ya rage bai kai na cefanen mako ba.

"Kin gani? Bara-baran nan ya kai," ya ce. "Shekara talatin da uku ina jiran ya kai. Fanshona zai bi ni kabari, wannan ne zai zauna. Farashi ya hau ko ya sauka ba ruwan Auta, yawan hannun jarin ne zai ciyar da shi. In na sayar da rabi a wannan arhar, ba zan ƙara iya sayensu ba har abada. Sai a soke wannan layin." Ya ɗora biro kan albashin mai kula.

"A soke mana! Ni na mutu ne? Ba ƙanena ba ne? Wallahi ni zan riƙe shi, Baba. Ko ba ko sisi zan riƙe shi."

Mutumin gadon kusa ya juya mana baya don kunya. Baba ya daɗe yana kallona, kallon da ba fushi a ciki, shi ya sa ma ya fi ciwo.

"Na san kina son shi," ya ce. "Amma bai taɓa kwana biyu a jere a gidanki ba, Uwata. Shi kuma zai iya ƙara shekara talatin a duniya."

Na yi ta masifa. Na ce ya raina ni, ya ɗauke ni bare, ya fi yarda da kamfanin sabulu a kan jininsa. Na ce wane irin mutum ne zai ba da ƙafarsa don takarda. Ya bar ni na gama, ya ninke takardar biyu ya mayar min a jaka da kansa. Ya ce ƙafar ta riga ta yi aikinta, kuma shekararsa saba'in da ɗaya, ina za shi.

Na nemi sayar da tandar. Wani ya zo ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa, ya taya rubu'in abin da muka saya. Maigidana ya ce ko mun sayar ba zai kai ba, kuma yara huɗu da ma'aikata shida a bakin tandar nan suke ci. Gaskiya ya faɗa. Amma ni na san a zuciyata cewa da ya faɗi haka wani sanyi na ji. Ban nemi mai saye na biyu ba. Na yi ta buga wa dangi waya, kowa ya yi addu'a, wasu suka turo abin da ko kuɗin gwajin jini bai kai ba. Haka kwana goman suka wuce ina ta kai-kawo kamar mai yin wani abu.

Ranar Talata da hantsi aka shiga da shi. Ƙasa da gwiwa suka yanke, likita ya ce mun yi sa'a.

Za a riƙe shi mako uku, don haka na kwaso Auta da ledar magungunansa zuwa gidana. Na sha alwashin sai na nuna wa tsohon nan ya yi kuskure. Na ba shi ɗakin babban ɗana. Kwana biyun farko har hoto na ɗauke shi yana cin abinci a tebur.

Rana ta uku ya jiƙa katifa. Ta huɗu ya jiƙa kujerar falo, sabuwa. Ba ya yarda kowa ya yi masa wanka sai Baba, sai ya ƙanƙame ƙofar banɗaki yana ihu har maƙwabta suka leƙo. Rana ta biyar farfaɗiya ta kayar da shi a tsakar falo gaban 'yar autata, yarinyar ta daina shiga gida in yana ciki. Ni ina tashi tun asuba saboda burodi, in wuce asibiti, in dawo in tarar da wanki. Maigidana kuwa ya koma cin abinci a shago. Rana ta shida na daka wa Auta tsawar da ban taɓa yi wa ko kare ba, don ya zubar da madara. Ya toshe kunnuwansa ya zauna a ƙasa yana kiran Baba.

Sai na ce bari in riƙa tafiya da shi gidan burodi, ido na kansa. Amma yana son zuwa bakin tanda. Akwai sito a baya inda muke ajiye buhunan fulawa, da 'yar taga a sama. Na shimfiɗa masa katifa a can, na ce na rana ne kawai. Daga baya na ga ai mai gadi na nan, kuma kai shi da dawo da shi wahala ne, sai na bar shi yana kwana a can. Na sa sakata ta waje saboda wuta. Duk dalilaina masu kyau ne, ko yanzu zan iya jera muku su.

Baba ya yi ta tambayarsa, ina cewa hanya ce da cunkoso. Ranar da ya cika kwana goma sha biyu ya ce in ban kawo shi ba zai sa a ɗauko shi a keken guragu. Na yi wa Auta sabuwar riga, na goge masa fuska, muka je.

Ya ruga ya faɗa jikin Baba, sai da nas ta yi magana saboda robar ƙarin ruwa. Ya ɗaga bargo ya leƙa, ya nemi ɗaya ƙafar a ƙarƙashin gado. Baba ya ce masa an kai ta gyara. Ya yarda.

"Yaya tana ba ka abinci?" in ji Baba.

"Burodi! Da yawa!" Auta ya buɗe hannuwa. "Baba, ina da ɗakina. Ni kaɗai. Akwai buhu-buhu, na ƙirga, ashirin. Akwai ɓera, abokina ne. Yaya tana rufewa ta waje, ƙarau, don kada ɓarawo ya ɗauke ni."

Na fara magana, ina cewa tanda ce, wuta ce, na kwana biyu ne kawai kafin a gyara katifa, yara ne, aiki ne.

"Ban tambaye ki ba, Uwata," ya ce a hankali.

Wallahi da zagina ya yi da na samu sauƙi. Ko da ya ce ai ya faɗa min. Bai ce ba. Ya jawo kan Auta ya kwantar a ƙirjinsa, ya ga farin gari a cikin gashinsa da bayan kunnensa, inda ban goge ba. Ya sa hannun da ke da allurar ya fara kakkaɓewa. Can ya ɗago ya kira nas, ya tambaye ta ko za a iya sallamarsa gobe, ya ce zai riƙa zuwa wankin ciwon daga gida.