Filastar da Ta Ƙi Zama

Ni dai Allah bai haɗa ni da miji mai magana ba. Shekara talatin da huɗu muna tare da baban yaran nan, in aka tattara duk abin da ya faɗa mini ido biyu, ban jin zai cika takarda guda. "Ke, ruwa." "Ke, ina hulata?" "To." Faci yake yi a bakin babban titi, kuma a shagon ma haka yake. Direba zai zo ya zuba masa labari tun daga inda ƙusa ta shiga har zuwa rigimarsa da mai motar, shi kuwa sai ya tsoma tiyub cikin bahon ruwa, ya nuna wurin da kumfa ke fita da ɗan yatsa. An gama hira ke nan.

Amma akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har 'yar'uwata da muke ciki ɗaya. Mutumin nan yana magana cikin barci. Da ya kwanta sai baki ya wangale, minshari ya ɗan ja, ya lafa, sannan maganar ta fara. Kuma ba sambatun banza ba ne, da ni yake yi, da wata murya mai taushi wadda ko jariransa bai taɓa yi wa ba. "Ajiye bokitin nan, bayanki zai yi ciwo." "Kin ci abinci kuwa?" Wani lokaci ya ce, "Mai wushirya," ya yi 'yar dariya, ya juya ya ci gaba da barcinsa.

Wata uku da aurenmu na fara ji. A ranar kuwa har na ɗaure kayana a ɗankwali, don na gama yanke wa raina cewa mutumin nan ba ya ƙaunata, gobe gidanmu zan tafi. Da safe na kwance kayan na mai da su akwati. Tun daga nan da wannan 'yar maganar nake rayuwa. In ya ɓata mini rai da rana, sai in ce a zuciyata, bari dai ka kwanta, ai za ka ba ni haƙuri da bakinka.

To sai haƙoransa suka fara ba shi wahala. Kullum ya tashi da maƙogwaro a bushe kamar ya haɗiyi gari, ya shanye ruwa jug guda kafin ya iya cewa "Ke". In ya goge baki sai jini. Haƙoran ciki biyu suka fita, na uku yana girgiɗi, shi kuwa ya koma tauna da gefe ɗaya ba tare da ya ce uffan ba. Auta ce ta gane, 'yarmu ta ƙarshe, wadda ta kwashe bakina kaf ba ta bar wa yayyenta komai ba. Ta zo ta tsaya masa a ƙofar shago, ta ce ba inda za ta je sai ya bi ta wurin likitan haƙori.

Da suka dawo ita ta ba ni labari, don in shi zan jira sai baɗi.

"Mama, an wanke masa haƙora, an ba shi magani. Amma likita ya ce barcin da yake yi baki buɗe yana ƙara masa ciwon. Yawu ne ke kare haƙori da dasashi, shi kuwa nasa bakin bushewa yake yi har safe. Ya tura mu an duba hancinsa da numfashinsa, don ya ce ba kowa ake yi wa abin nan ba. An ce lafiyarsa lau, sabo ne kawai, sai likita ya ce ya riƙa liƙe bakinsa da wannan in zai kwanta. Ga shi."

Ta fito da wata farar filasta ta takarda, mai laushi, irin wadda ake liƙa auduga da ita. Ta yanki ɗan guntu kamar tsawon gaɓar yatsa biyu, ta manna a nata bakin a tsaye, daga leɓen sama zuwa na ƙasa, ta bar gefe da gefe. Na ce kai, yau ga ranar da na daɗe ina roƙo, an rufe wa Auta baki. Muka yi ta dariya, har shi ma gashin bakinsa ya ɗan motsa. Wallahi a lokacin ko kaɗan hankalina bai kai ga abin da zan rasa ba.

Abin ya karɓe shi. Mutum ne da in aka ce masa a liƙa abu, to an zo gidansa. Ya samo ɗan almakashi ya ajiye a kan teburin gefen gado, kullum ya auna, ya yanka, ya manna, ya danne da babban yatsa yana ƙirga goma kamar yadda yake yi wa faci. Cikin mako guda jug ya daina ƙarewa. Minshari ya koma ɗan huci ta hanci. Yana tashi garau, har ya riga ni fitowa tsakar gida. Kafin mako biyu jinin ya ragu sosai.

Ni kuwa fa? Shiru. Sai in kwanta ina kallon silin, ina jin fanka tana juyawa, ina jiran abin da na san ba zai zo ba. Wani lokaci in ji ya yi "mm, mm" ta bayan filasta, in san da ni yake, amma maganar ta maƙale. Raina ya yi ta ɓaci ba dalili. Na yi wa mai kawo mana ruwa masifa a kan murfin jarka. Na ƙona tukunya sau biyu. Ga miji a gefena yana samun lafiya, ni kuma ina ji kamar ya yi tafiya ya bar ni da hula da takalmansa. Kewarsa nake yi, kuma kunya ba za ta bar ni in faɗa ba. Tsohuwa da jikoki biyar, in ce me?

Ranar kwana na goma sha shida na kasa daurewa. Na jira numfashinsa ya yi nauyi, na sa farce a hankali na ɗaga gefen filastar, na zare ta, na ajiye a kan matashinsa kamar ita ta faɗi. Na ce sau ɗaya kawai. Ba a jima ba bakin ya buɗe, ya ce, "Sanyi ake yi, rufa da kyau." Na ja bargo na rufe har kaina ina murmushi kamar wata sabuwar budurwa.

Sau ɗayan nan ya zama kullum. Allah ya yafe mini.

Abin da ban lissafa da shi ba shi ne, mai faci na aura. Da safe ya tsinci filastar a kan matashi, ya ɗaga ta wajen hasken taga, ya juya ta, ya taɓa gefen gam ɗin da yatsa. Ya ce, "Faci ba ya tashi haka kawai." Na ce wataƙila gumi ne. Ranar ya wanke bakinsa da sabulu, ya goge da tawul har leɓensa ya yi ja, sannan ya manna. Da safe ga ta a kan matashi. Ya daina shafa mai a fuska. Ga ta a kan matashi. Ya aika aka sayo wata iri daga wani kantin maganin, ya ƙara ƙirgarsa zuwa ashirin. Duk a banza, tunda ɓarauniyar tana kwance a gefensa.

Wata rana na ga ya shigo da ɗan gwangwanin gam ɗin shago a aljihu. Na ce, "Baban Auta, me za ka yi da wannan?" Ya ce, "Ɗan kaɗan." Na buga wa Auta waya a take. Ihun da ta yi sai da na janye wayar daga kunnena. "Baba! Bakin mutum ne fa, ba tayar tirela ba! So kake a kai ka asibiti a farke ka da reza?" Ya mai da gwangwanin shago, amma na ga abin yana cin sa. Shekara arba'in ba a taɓa dawo masa da aiki an ce ya saki ba, sai ga ɗan guntun takarda yana neman kunyata shi a cikin ɗakinsa.

Jug ya koma ƙarewa. Rannan ina shara na ga ya tofar da ruwan goge baki a bakin rariya, da ja-ja a ciki. Na tsaya da tsintsiya a hannu. Na ce yau zan daina. Da dare ya yi, hannuna ya riga ni.

Ranar Asabar da azahar ina yankan albasa sai na ji an turo ƙofa. Na ɗaga kai na ga wani baƙo ya shigo mini gida ba sallama, sanye da rigar aikin mijina. Har na buɗe baki zan yi ihu. Shi ne. Ya aske gashin bakinsa tas.

Ku da ba ku san gashin bakin nan ba, ba za ku gane ba. Da shi na san shi. Yana da ɗan matajinsa na musamman a aljihun gaba, yana taje shi kafin ya fita, yana taje shi in ya dawo. Jikokinsa da shi suke wasa. Ko lokacin da ya yi fari bai yarda an taɓa shi ba sai dai a daidaita gefe. Yanzu ga wurin fayau, fatar ta fi sauran fuskar haske, leɓen sama ya fito wani ɗan siriri abin tausayi, ga ɗan yanka a gefe inda rezar mai aski ta taɓa.

Na ce, "Innalillahi! Me ka yi haka?"

Ya shafa wurin. Ya ce, "Na gano matsalar. Faci ba ya kama wuri sai an kankare shi. Gashi ne ke ɗaga ta." Har da ɗan alfahari a muryarsa.

Sai hawaye suka zubo mini, kuma ba na albasa ba ne. Na ajiye wuƙar na ce, "Ba gashi ba ne. Ni ce."

Ya tsaya yana kallona.

"Ni nake cire ta in ka yi barci. Kwana goma sha ɗaya ke nan."

"Don me?"

Na gaya masa. Ban ɓoye komai ba, har kayan da na ɗaure a ɗankwali ina amarya. Na ce masa, "Kai ba ka magana. Da rana ni 'Ke' ce. Sai ka yi barci nake jin ina da miji mai so na. Yanzu an liƙe wurin da abin yake fitowa, ya kake so in yi? Na san na cuce ka, na ga jinin, kuma ga gashin bakinka ya tafi a banza. Ka yi haƙuri."

Can ya ce, "Me nake cewa?"

Na faɗa masa biyu-uku. Kunnuwansa suka yi ja, abin da ban taɓa gani ba. Ya sa hannu a aljihu ya ciro ɗan matajin, ya kai shi wajen baki, ya tuna, ya mai da. Ya juya ya koma shago ko abinci bai ci ba.

Yinin nan ban san yadda na yi shi ba. Na share ɗaki sau biyu, na wanke labulen da bai yi datti ba. Na ce shi ke nan, na ɓata komai. Ya ji kunya, kuma mutum irinsa in ya ji kunya ƙara rufewa yake yi. Ga shi na yi wa kaina alkawari ba zan sake taɓa filastar ba, ko da shirun zai kashe ni.

Ya dawo da magariba, ya ci abinci shiru kamar kullum. Da lokacin kwanciya ya yi ya zauna a bakin gado, ya ɗauki almakashi, ya yanki filasta. Amma bai manna ba. Ya riƙe ta a kan yatsa yana kallon bango. Na ga gumi ya tsattsafo masa a sabon wurin askin.

Ya ce, "Ke."

Na ce, "Na'am."

"Idona biyu. Ki shaida."

"Na shaida."

Ya yi gyaran murya har sau uku. "In na rufe shago, akwai masu zama a benci su yi hira. Kullum suna cewa in zauna. Shekara talatin da huɗu ban taɓa zama ba." Ya dubi filastar da ke yatsansa. "Sauri nake yi in zo in gan ki."

Kafin in buɗe baki ya yi wuf ya manna filastar, ya kwanta, ya ja bargo har wuya. Na ce, "Baban Auta, ban ji da kyau ba, maimaita." Ya nuna mini bakinsa da yatsa, ya ɗaga kafaɗa. Ka ji ɗan duniya! Ina dariya ina share hawaye da gefen zane.

Garin sauri bai danne ta ba, gefen sama ya ɗan tashi. Na matso na sa babban yatsana a kai, na danne masa ita da kyau, na ƙirga goma.