Hannuwan Baba a Shafin Wani

Babanmu mai gyaran keken ɗinki ne. Kafin ya rasu, ƙanwata ta ɗauke shi bidiyo goma sha ɗaya yana koyar da sana'ar, hannuwansa duk baƙin mai, yana tari, yana yi wa waya faɗa kamar ita ta lalata keken.

Bayan shekara biyu na ci karo da su a shafin wani da ban sani ba. Ya goge sunan Baba, ya manna nasa. Ni kuwa kowa ya san zuciyata a kusa take. Ban nemi shawarar kowa ba, na buɗe fom ɗin ƙorafi na kamfanin da ke da manhajar. Suka tambayi adireshin kowane bidiyo da alaƙata da mai shi. Na tura takardar rasuwa da hoton shagon, na sa hannu cewa gaskiya na faɗa. Cikin kwana uku suka sauke su duka. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Ranar Asabar na je gida don a yaba mini. Na tarar da Mama a tsohon bencin Baba, ta jingina wayarta da gwangwanin mai. A allon, baƙin fili ne da layi ɗaya: an cire saboda ƙorafin mai haƙƙi.

"Duba mini," ta ce. "Tun shekaranjiya ta ƙi nuna mini shi."

Ƙanwata ta ja ni baranda.

"Yaya, kai ne?"

"Ɓarawo ne fa. Ki sa mata na wajenki."

"Wane na wajena? Wayata ta faɗa ruwa tun bara, shafina ya tafi da ita. Wajen mutumin nan kaɗai suka rage. Kullum da safe sai ta kalla."

A tsaye na rubuta wa kamfanin cewa na janye. Amsarsu mai ladabi ce: mai shafin ya rufe shi da kansa, ya goge komai, ba abin da za su iya mayarwa.

Na nemo lambar mutumin, na bar masa saƙo. Na kira shi ɗan'uwa, na roƙe shi ko da guda ɗaya ne. Yau wata biyu, bai amsa ba.

Mama ba ta san ni ne ba. Ta ba ni wayar in kai wa mai gyara.